MA'AIKATAR FIAT TA KANO: TARIHIN KAMFANIN MOTA DA BAI YI TSAWON RAI BA

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Achida, ta ratsa ƙasar Wurno ta nufi Goronyo, ya san cewa arzikin wannan yanki a bayan babbar mota yake tafiya. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Ya iso Kano cikin 1911, reshen da aka ja daga Zariya kuwa ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda cikin 1929, daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba. Saboda haka albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake nomawa a fadamar Rima, da geron Rabah da dabbobinta, ba su da hanyar isa manyan kasuwanni sai ta mota. In kuɗin mota ya tashi, manomi ne ke biya, domin mai saye ba ya ƙara masa kome, sai ma ya rage daga abin da zai ba shi.

To, da yake haka abin yake, ya kamata mutanen wannan yanki su san labarin wata ma'aikata da aka taɓa kafawa a Kano don ta riƙa fitar da manyan motoci da taraktocin noma. Sunanta National Trucks Manufacturers, amma jama'a ba su san ta da kome ba sai Kamfanin Fiat. Samarin yau da yawa ba su taɓa jin labarinta ba, ga shi kuwa ba a daɗe da yin abin ba.

BA A KANMU AKA FARA BA

Kafin mu shiga namu, bari mu leƙa wani gida, don kada mai karatu ya zaci mutuwar kamfanin mota da ƙuruciya ciwo ne na ƙasarmu kaɗai. A farkon ƙarni na ashirin an kafa kamfanonin mota ɗaruruwa a Amurka da Ingila da Faransa, yawancinsu kuwa ko sunansu ba a tunawa yanzu.

Wanda ya fi shahara cikin masu gajeren kwana shi ne na wani Ba'amurke, Preston Tucker. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya karɓi hayar wata ƙatuwar ma'aikata a birnin Shikago, inda aka ƙera injunan jiragen yaƙi, ya ce zai fitar da motar da ba a taɓa ganin irinta ba. Injinta a baya yake, asalinsa ma injin jirgi ne mai saukar ungulu aka gyara shi. Tana da fitila uku a gaba, ta tsakiyar tana juyawa tare da sitiyari don ta haskaka kwana. An yi ta cikin 1948. Amma tun bai kai ga sayarwa sosai ba hukuma ta tuhume shi da zambar masu hannun jari. Kotu ta wanke shi a watan Janairu na 1950, sai dai kafin nan kamfanin ya riga ya mutu. Mota 51 kaɗai ya yi, yawancinsu suna nan har yau, ana sayen guda ɗaya fiye da dala miliyan. Tucker dai motarsa ta kansa ce, kuɗi suka yanke masa. Namu labarin ya sha bamban da wannan, kuma a ganina ya fi shi ban takaici.

YADDA SHAWARA TA TASO

Tun kafin samun mulkin kai, kamfanonin ciniki na Turawa sun fara harhaɗa motoci a Ikko. Cikin 1959 wani reshen U.A.C. ya soma ɗaura motocin Bedford a Apapa, waɗanda direbobinmu suke kira Bilhodi. Ana kawo inji da ƙashin mota daga Ingila, kafintoci su yi mata bodin katako, a zana mata kirari a goshi. Wannan aikin 'yan kasuwa ne, Gwamnati ba ta sa hannu ba.

Bayan yaƙin basasa, a zamanin Janar Yakubu Gowon, kuɗin man fetur ya shigo, aka ga ana kwasarsa ana kai wa Turai wajen sayen motoci. Sai Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar shiga sana'ar da kanta, ta haɗa jari da manyan kamfanonin Turai. Aka fara da ƙananan motoci: Peugeot a Kakuri ta Kaduna, da Volkswagen a Ikko, duka biyu suka soma aiki cikin 1975. Sa'an nan aka juya ga manyan motoci, aka raba su huɗu bisa sassan ƙasa yadda kowa zai ce an tuna da shi. Leyland ta Ingila ta sauka Badun, Mercedes ta Jamus ta sauka Inugu, Steyr ta ƙasar Ostiriya ta sauka Bauchi, Fiat ta Italiya kuwa rabonta ya faɗo Kano, aka gina mata ma'aikata a bakin hanyar Zariya. Tsakanin 1979 da 1981 dukansu sun fara fitar da motoci.

Niyyar da aka yi ba ta da aibu. An ce da fari za a riƙa kawo mota a wargaje cikin akwatuna, 'yan ƙasa su ɗaura. Kowace shekara sai a rage abin da ake kawowa, a ƙara abin da ake ƙerawa a gida, har ranar da za a wayi gari mota ta zama tamu tun daga taya har rufi. Ta wannan hanya wasu ƙasashe suka bi suka isa.

SU WANE NE FIAT?

An kafa kamfanin Fiat a birnin Turin na arewacin Italiya ranar 11 ga Yuli 1899, cikin waɗanda suka kafa shi har da Giovanni Agnelli, wanda zuriyarsa suka riƙe ragamar kamfanin daga baya. Ba ƙananan motoci kaɗai suke yi ba. Sun yi manyan motoci, da taraktoci tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, da injunan jiragen sama da na ruwa. A farkon 1975 suka tattara sashensu na manyan motoci tare da wasu kamfanoni, watau OM da Lancia na Italiya, da Unic na Faransa, da Magirus na Jamus, suka sa wa haɗakar suna Iveco. Shi ya sa za ka ga tsohuwar mota an rubuta mata Fiat, ƙanwarta kuma an rubuta Iveco, alhali gidansu ɗaya.

Mutanen ƙasar Sakkwato sun san Fiat ta wata ƙofa dabam. Kamfanin gine-gine na Impresit a wancan lokaci na gidan Fiat ne. Yana cikin kamfanoni uku na Italiya da suka haɗu suka gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, kuma shi ne ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, daga 1974 zuwa 1978. Inda ɗan kwangilar Italiya ya sauka kuwa, da motocin ƙasarsu yake sauka. Samari da yawa sun koyi tuƙi da kanikanci a irin waɗannan wuraren aiki, da aiki ya ƙare suka watsu cikin tashoshi da garejoji da sanin da suka samu.

Lokacin kuma ya dace. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima cikin 1973. Gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa cikin 1976, ta Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma cikin 1980. Ana ta aikin madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gama cikin 1984, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Kowa ya ɗauka za a buɗe dubban kadada na noman rani daga Goronyo har Wurno, a buƙaci tarakta ta yi huɗa, a buƙaci mota ta kwashe amfani. Wanda ya kafa ma'aikatar tarakta da babbar mota a Kano a wannan lokaci ba za a ce ya yi wauta ba.

MOTAR DA TA YI SUNA

Cikin motocin Fiat da suka taka ƙasar nan babu wadda ta kai mai lamba 682. Ita ce uwar ɗakin ma'aikatar Kano, kuma ya cancanta mu tsaya a kanta kaɗan.

An fara yin ta a Italiya cikin 1952. Ba ta da dogon hanci irin na Bedford ko Mercedes 911. Fuskarta a shafe take, direba yana zaune a gefen inji, injin yana tsakaninsa da yaron mota a ƙarƙashin murfi. Amfanin wannan tsari shi ne wurin da hanci zai ci sai ya koma wurin kaya. Aibunsa kuwa, duk wanda ya taɓa shiga gabanta cikin watan Afrilu ya san shi, domin zafin inji da na gari haɗuwa suke yi a kansa. Cikin 1955 aka fitar da iri na biyu da sabuwar fuska mai wani ƙarfe a gicciye, wanda mutanen Italiya suka ce ya yi kama da gashin baki. Cikin 1962 aka fitar da iri na uku, shi ne wanda ya cika Afirka.

Harufan da ke bin lambarta suna da ma'ana. N tana nufin mai shan man gas ce, mai bodi a jikinta. T kuwa tana nufin kan tirela ne, mai jan bodi ko tankin mai. Saboda haka N3 da T3 'yan uwan juna ne, inji ɗaya gare su. Injin nan silinda shida ne a jere, girmansa ya ɗara lita 11 da rabi kaɗan, ƙarfinsa kuwa bai kai na doki 180 ba. In an gwada da motocin yau, waɗanda ƙaramin inji ke ba da ƙarfin doki 300 ko 400, sai a ce wannan ragon inji ne. Amma a nan hikimar take. Babban inji da ba a matsa masa ba, yana juyawa sannu, ba ya saurin cinyewa. Ba shi da na'urar hura iska, ba shi da wata ƙwaƙwalwar lantarki. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, bakanike mai sifana da guduma da kunne mai kyau yana iya gano ciwonsa a gindin bishiya. Giyarta huɗu ce, da wani sanda na biyu mai raba kowace giya gida biyu, ya zama takwas ke nan. Sauya su yana son gwaninta, shi ya sa direban Fiat yake jin kansa a tasha.

Wani abin lura, mutanen Italiya hannun dama suke bi a hanya, amma sun daɗe suna sa wa manyan motocinsu sitiyari a dama, don direba ya riƙa ganin bakin hanya in yana hawan duwatsunsu. Wannan ya yi daidai da mu a lokacin da muke bin hannun hagu, kafin a juya ranar 2 ga Afrilu 1972.

Ba ta da gudu, ba ta da daɗin zama, ƙararta kuma tana riga ta shiga gari. Amma a lafta mata kaya fiye da ƙa'ida, a bi da ita hanyar burji mai gargada ko rairayi, ta kai. A Habasha da Eritiriya da Somaliya ta zama kamar raƙumi, har mutanen Habasha suka mai da N3 suna, suna kiranta da lafazin Italiya. Turawa suka yi mata laƙabi da Sarkin Afirka. An daina sayar da ita a Turai da daɗewa, amma aka ci gaba da yin ta saboda kasuwar Afirka har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Kaɗan ne cikin manyan motoci suka yi irin wannan tsawon zamani.

Ban da manyan motoci, an tsara ma'aikatar Kano ta riƙa ɗaura taraktocin Fiat, masu launin ruwan lemo a wancan zamani. Manyan masu sayensu gwamnatocin jihohi ne da hukumomin raya koguna, su ne kuma suke ba manoma haya. Wannan ma yana cikin abin da ya kayar da ita, kamar yadda za mu gani.

ABIN DA KE CIKIN AKWATI

Yanzu sai mu tambaya, da aka ce ana yin mota a Kano, me ake yi? Inji yana zuwa daga Italiya. Akwatin giya, da ƙarafan ƙafa, da ƙashin mota, da farantan da za a haɗa su zama kan mota, duka daga can. Aikinmu shi ne walda, da fenti, da ɗaure kusoshi, da gwaji. Abin da ake iya samu a gida bai wuce taya daga Michelin ta Fatakwal ko Dunlop ta Ikeja ba, da batir, da gilashi, da kujeru, da fenti. Su ma waɗannan, yawancin kayan haɗinsu daga waje ake kawowa.

Kada a raina wannan aiki. Ɗaura mota bisa ƙa'ida sana'a ce, ɗaruruwan magidanta sun ci abinci da ita, sun kuma koyi aiki da ma'auni da kiyaye lokaci. Amma matakin farko ne na tsani, kuma ba a taka na biyu ba. Dalili kuwa a fili yake. Mota ƙarfe ce. Ana bukatar shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe don jikinta, da ƙarfen zubi don inji, da ƙarfe mai tauri don giya. Ma'aikatar Ajakuta, wadda aka fara ginawa da taimakon Rasha a ƙarshen shekarun 1970, ita aka sa wa ido, ga shi har yau babbar tukunyarta ba ta narka tama ba. Ta Aladja da aka buɗe cikin 1982, da ƙananan na Katsina da Jos da Oshogbo, rodin gini suka fi fitarwa, ba a kuwa yin ƙofar mota da rodi.

Har ma Peugeot ta Kaduna, wadda ta fi kowa ƙarfi, ta kai ga fitar da mota kusan 60,000 cikin 1981, kayanta ta jirgin sama ake ɗauko su daga birnin Liyon na Faransa a sauke a filin jirgin Kano, sa'an nan a kai Kaduna a mota. Wannan ya isa ya nuna irin yalwar kuɗin da ake ciki, ya kuma nuna siririn zaren da sana'ar take rataye a jikinsa.

Akwai kuma kuskuren rabo. Kasuwar manyan motoci ta ƙasar nan za ta iya riƙe ma'aikata ɗaya ko biyu su yi ƙiba. Da aka yi huɗu, kowace da irin injinta da irin kusoshinta, babu wadda ke sayar da abin da zai sa wani ɗan kasuwa ya kafa maƙera don ya yi mata kaya. Wa zai sayi injin miliyoyin naira don ya buga ƙarfe dubu biyu a shekara? An raba don a yi adalci tsakanin jihohi, aka sami 'ya'ya huɗu kowanne ramamme.

RANAR DA RIJIYA TA ƘAFE

Ma'aikatar Kano ba ta yi sa'ar haihuwa ba. Tana buɗe ido kasuwar man fetur ta fara lalacewa. Cikin 1979 Nijeriya tana haƙo fiye da ganga miliyan 2 kowace rana, zuwa 1982 da 1983 abin ya koma wajen miliyan 1 da dubu 300. A watan Afrilu 1982 Gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Daga nan ba mai shigo da kaya sai da lasin, lasin kuma ba ya samuwa sai an sha wuya. In ma an samu, sai a jira Babban Banki ya ba da kuɗin waje. Ma'aikatar da aka gina don ta fitar da dubban motoci sai ta zauna wata da watanni tana jiran akwatuna, ma'aikata suna zuwa suna komawa, albashi yana tafiya.

A ɗaya gefen kuma mai saye ya ɓace. Gwamnatocin jihohi da hukumomi, waɗanda su ne manyan abokan ciniki, sun kai ga ba sa iya biyan albashin malamai, balle su sayi tarakta. Manyan kwangiloli suka tsaya. Ita kanta madatsar Goronyo da aka gama cikin 1984, sai 1992 aka yi bikin buɗe ta, magudanan da za su kai ruwa gonaki kuwa suka daɗe a baya.

Abin da ya ƙarasa shi ne faɗuwar naira. Cikin 1980 kwabo 55 yana sayen dala ɗaya. Cikin 1986 farashin gangar mai ya faɗi ƙasa da dala 15, Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, a watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje. Zuwa 1987 sai da naira 4 ake samun dala, zuwa 1989 ta wuce naira 7. Bari mu yi lissafi irin na aji, da adadin da na ɗauka don misali kawai. A ce akwatunan mota guda suna cin dala 20,000. Cikin 1980 naira 11,000 ke nan. Cikin 1987 kayan nan dai, ba a ƙara ko kusa ɗaya ba, sun zama naira 80,000. Mai motar da ke ɗaukar albasa daga Wurno zuwa Ikko bai ninka kuɗin lodinsa sau bakwai ba, in ma ya ninka ba mai biya. Da kashi 70 ko 80 cikin ɗari na motar a gida ake yinsa, da faɗuwar naira ma taimakonta za ta yi, domin ta waje za ta yi tsada ita ta yi araha. Da yake a waje ake yinsa, sai ta faɗi tare da nairar.

A tsakiyar shekarun 1980 aiki ya tsaya a ma'aikatar Kano, ba ta cika shekara goma tana aiki ba. Leyland ta Badun ta bi ta ba da jimawa ba. Volkswagen, mai ƙaramar motar nan da ake kira kunkuru da wadda aka sa wa suna Igala, ta kai wajen 1990. Steyr ta Bauchi ta yi ta jan ƙafa. Peugeot ce ta jure, har ta riƙe 504 zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daina yin ta a Faransa da shekaru ashirin. Gurbin da suka bari kuwa, tsofaffin motocin Turai suka cike shi, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, su DAF da MAN da suka gama aiki a ƙasarsu suka zo nan suka fara sabon rai.

WAƊANDA AKA FARA TARE DA SU

Abin da ya sa na ce labarinmu ya fi na Tucker ban takaici shi ne, akwai waɗanda suka sayi irin abin da muka saya, a hannun mutanen da muka saya, kusan a shekara ɗaya.

Cikin 1983 wani kamfanin Gwamnatin ƙasar Sin ya ƙulla yarjejeniya da Steyr, wannan Steyr ɗin dai ta Bauchi. Amma su ba akwatuna suka saya ba, zanen motar suka saya da iznin ƙera ta, suka raba aikin ga ma'aikatunsu, wannan ya koyi inji, wancan ya koyi giya, wani ya koyi ƙarafan ƙafa. Sun sha wahala, har kamfanin ya kusa karyewa a ƙarshen shekarun 1990. Shi ne Sinotruk, wanda ya fitar da HOWO cikin 2004. Cikin 2009 kamfanin MAN na Jamus, wanda ya riga ya saye sashen manyan motoci na Steyr, ya biya kuɗi ya sayi rubu'in hannun jarin Sinotruk. Watau ɗalibi ya kai inda magajin malaminsa ke neman shiga gidansa. Tirelolin siminti da tifofin da suka cika hanyoyinmu yanzu, jikokin motar Steyr ne.

A shekarar nan ta 1983 kuma aka kafa kamfanin Al-Ghazi a Pakistan don ya yi taraktocin Fiat a garin Dera Ghazi Khan. Pakistan ba ta fi mu kuɗi ba a lokacin. Amma Gwamnatinsu ta tsare sharaɗin a riƙa ƙara kayan gida shekara bisa shekara, ƙananan maƙeru suka taso suna yi wa kamfanin kaya, bankin manoma kuma yana ba da rancen sayen tarakta, saboda haka mai saye manomi ne da kansa. Har yanzu suna yin jikokin Fiat 480 da 640 da sunan New Holland, kamfanin da Fiat ta saya cikin 1991, kuma mafi yawan jikin taraktar a ƙasarsu ake ƙera shi. Taraktocin Pakistan suna cikin waɗanda ake shigowa da su Nijeriya.

Mai karatu zai iya dubawa kusa da gida ma. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa cikin 1962 a zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya fara aiki cikin 1967, ya sha faɗi-tashi, ya sauya hannu, amma yana nan yana hayaƙi, domin dutsen da yake ci a ƙarƙashinsa yake. Ban ce wannan kaɗai ya isa ba, tun da masaƙun Kaduna audugarsu a gida take amma suka durƙushe. Sai dai wanda abincinsa ke gida ya fi jure fari.

ƁANGAREN MAKARANTA

Akwai wani gefe na wannan magana da ya shafe mu, mu ma'aikatan ilmi. Cikin 1982, daidai lokacin da ma'aikatun nan ke neman ƙwararru, aka fara tsarin 6-3-3-4, aka ce kowane yaro a ƙaramar sakandare zai koyi aikin ƙarfe da katako da lantarki. Gwamnati ta sayo injunan koyarwa daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. A wurare da yawa babu wutar da za ta juya su, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da aka horar a kansu. Na ga irin waɗannan akwatuna da idona a wata makaranta, shekaru bayan an kawo su, gara ta cinye katakon, ƙarfen ya yi tsatsa, ba a taɓa kwance su ba. Akwati a ma'aikata, akwati a makaranta, ciwon iri ɗaya ne.

Har yanzu kuma uba ya fi son ɗansa ya zauna ofis ko da ba albashin kirki, da a ce ya shiga kwalejin sana'a. In yaro ya kasa jarrabawa sa'an nan ake tuna masa da gareji. Alhali wanda zai auna ƙarfe da ma'aunin da ke raba milimita gida ɗari, ya karanta zanen inji, ya san zafin da ƙarfe ke bukata kafin ya yi tauri, yaro mai kai ake nema, mai lissafi.

BAYAN RUFEWA

Ma'aikatar Kano ta yi shekaru a kulle. Tsakanin 2003 da 2007 Gwamnatin Tarayya ta sayar da hannun jarinta na kamfanonin mota ga 'yan kasuwa, ta Kano tana cikin na farko da aka sayar. Sababbin masu ita sun gwada ɗaura motocin ƙasar Sin a cikinta, a akwatuna suke zuwa su ma. Cikin 2013 aka sake fito da wani tsarin raya sana'ar mota, aka ɗaga kuɗin fito a kan motocin waje, cikin 2020 kuma aka sauke wani sashe nasa.

Ita kuwa 682 ba ta san an rufe gidansu ba. Jefi-jefi har yanzu akan ci karo da T3 tana jan tanki ko tana ɗauke da itace, fentinta ya koɗe, an sauya mata kujera da fitilu, wani lokaci ƙofar ma da igiya aka ɗaure ta. Abin da ke riƙe da ita shi ne kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda ake yanka matattun motoci a ciyar da masu rai. A can akwai masu injin gurzar ƙarfe da za ka kai musu karyayyen ƙarfen giya, su dube shi, su auna, su yanka maka sabo daga guntun ƙarfen wata motar, ka dawo jibi ka karɓa. Yawancinsu ba su taɓa shiga ajin sana'a ba, kuma a duk tsawon shekarun da ma'aikatar hanyar Zariya ta yi tana jiran akwatuna daga Turin, suna nan cikin birni ɗaya da ita, tsakaninsu bai wuce tafiyar rabin sa'a ba.